Ƙwayoyi Bakwai a Ƙullin Tsumma

Ba zan taɓa mantawa da mutanen da ke cikin ɗakin nan ran Talatar ba, ko da kuwa na so in manta. Akwai lokotoro, wato babban dakta, da ya zo daga Yamai duba aikin likitar unguwarmu, ɗan asibitin nan namu, wani dogo mai tabarau. Akwai Alhaji Mamman dillalin hatsi, shi ne shugaban kwamitin likitar. Akwai Isufu mai ba da magani a farmasi, ɗan ƙauyen Durum. Akwai ƙawata Fanna, wadda muka yi amarci shekara ɗaya, muka kuma kamu da ciwon sukari kusan tare. Sai mata masu sukari wajen goma a kan benci a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe saboda zafi. Na ƙarshe shi ne wanda da na san yana nan da ko zaure ban taka ba: surukina, mijin 'yar farina, malamin lakol, wato makarantar boko, wanda ke riƙe wa kwamiti alƙalami. (Shekara goma sha tara yana auren 'yata. Bai taɓa ganin na kai loma baki ba, ni kuma ban taɓa kiran sunansa ba. Ku riƙe wannan a ranku.)

Ni ba mace ce mai wasa ba, duk unguwarmu ta Zango an san haka. Ban taɓa shiga lakol ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma shekara arba'in na yi ina awon hatsi a ƙofar gida, kuma ba a taɓa cusa min abin banza ba. In aka kawo buhu, hannu nake zurawa har gwiwa in ɗebo na can ƙasa, in watsa a ƙwaryar ruwa. Ƙaiƙayi ya taso, yashi ya kwanta, mai buhu ya sunkuyar da kai. A shekarun farin nan da damina ta yi mana ƙarya sau biyu a jere, aikina ya ƙaru. Hatsi ya zama abin ɓoyo, marasa tsoron Allah suna cika shi da yashi, mutanen ƙauye sun cika gari suna jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci a yunwa, famfo sai ya yi kwana huɗu bai ɗiga ba. Mata har daga unguwar Kara-Kara suke zuwa da ɗan awonsu a bakin zane su ce Iya duba mana. Na saba in duba in yanke hukunci, na kuma saba a ce gaskiyata ce. Abin da ya kai ni ke nan.

Maganin sukarin da na fara sha ƙanana ne farare, ana sha safe da yamma, kowanne bayan an ci abinci. To ina abincin? Gidanmu da ake ganin da ɗan rufin asiri ma tukunya ɗaya ake ɗorawa, da yamma. Da safe sai ɗan kunu tsararo. In na haɗiye ƙwayar a kan wannan, ciki ya dinga ƙugi kamar ana jan turmi a tsakar gida, baki ya yi ɗanɗanon tsohon cokali, ga tashin zuciya, ga zarya da buta a lokacin da ruwan buta ma abin tattali ne. Amma ban taɓa ƙorafi ba. A wurina haka magani yake: ya shiga ya kama ciwo da kokawa, kai kuma ka ji ƙarar kokawar. Fanna ce da dogon bakinta ta gaya wa ma'aikaciyar da ke duba mu cewa na rame na zama kamar kara, sai aka rubuta min wani sabo. Ita ma aka rubuta mata, da wasu matan da tsohon ke wahalarwa.

Ranar da na je karɓa, Isufu ya fito daga bayan tagarsa ya rusuna ya yi min bayani. Ya ce wannan da wancan magani ɗaya ne, sai dai shi wannan a hankali yake sakin ƙarfinsa, yini da kwana. Sau ɗaya za a sha, tare da tuwon yamma. Kar a tauna, kar a raba, kar a daka. Daga nan sai ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa.

"Kuma Iya, in wata rana kika ga..."

Ya tsaya. Na jira, bai ƙarasa ba. Ni kuwa ba na son yaro mai inda-inda, sai na ce masa tun ba a yi wa uwarsa kitson aure ba nake shan magani, ya miƙo min kayana in tafi. Ya miƙo.

Sati biyu da farawa cikina ya lafa. Ba ƙugi, ba zarya, tuwo ya dawo da ɗanɗanonsa. Maimakon in gode wa Allah sai na tsargu. Wane irin magani ne za ka sha ka ji shiru kamar ba ka sha komai ba? Na samo kofi biyu na zuba ruwa. A ɗaya na jefa ragowar tsohon, a ɗaya na jefa sabon. Kafin in idar da azahar tsohon ya narke ya zama kamar ƙullu. Sabon kuwa har magariba yana nan, kumbura kawai ya yi, ya yi yauƙi kamar kuɓewa. Washegari na leƙa, yana nan zaune yana kallona.

A cikin satin na je Kara-Kara gaisuwar rasuwa. Ina dawowa na ga amalanken jaki a ƙofar gidan da Isufu ke zaune a can unguwar, ana sauke buhu biyu na hatsi. Buhu biyu, a shekarar da manyan 'yan kasuwa ma da tiya suke saye. Nan take zance ya haɗu a kaina: yaron nan yana kai maganin gaskiya kasuwa, mu tsofaffin da ba mu iya karatu ba yana ba mu tsakuwa a cikin kwali mai kyau.

Sai dai ni ba na yanke hukunci sai da shaida. Na ce wa raina ruwan kofi daban, cikin mutum daban, ƙila a ciki yana narkewa. (Nan ne ya kamata mai hankali ya koma ya tambaya. Ni ban koma ba.) Na ɗauki fo ɗin jikata, ɗan abin da yara ke bayan gida a ciki, na kai ɗakina, na ce wa matar ɗana gwiwa ce ta hana ni tsugunnon masai. Ba zan yi muku dogon bayani ba. Akwai tsinke, akwai haƙuri. Rana ta biyu na gan shi, da siffarsa da komai, kamar yadda ya shiga. Wallahi daɗi na ji, irin daɗin da nake ji in yashi ya kwanta a gindin ƙwarya. Na ɗauraye shi da ruwan da na hana jikokina wasa da shi, na shanya a inuwa bayan gado. Na ci gaba da shan maganin kullum ba fashi, da tuwon yamma, ban tauna ba ban raba ba, don kawai in tara shaida. A kwana goma na tara bakwai. Sun bushe, sun yi ɗorawa-ɗorawa, sun yamutse. Na ƙulle su a farin tsumma.

Da na ji babban lokotoro zai zo ran Talata, na ce Allah ya kawo alƙali har gida. Fanna kaɗai na gaya wa na kama ɓarawo, ban gaya mata yadda na kama shi ba. Na yi wanka, na ɗauko mayafin fita, na wuce matan da ke benci ban ko zauna ba. Na yi sallama na shiga, na kwance tsumman a tsakiyar tebur.

"Ga abin da ake ba mu da sunan magani," in ji ni. "A tambayi Isufu ina na gaskiyar yake. A kuma tambaye shi buhu biyun da aka sauke a ƙofarsa."

Sai da na rufe baki na ji an ce "Barka da zuwa, Iya" daga bayan ƙofa. Na waiga. Surukina ne a ɗan teburinsa, ya zame daga kujera ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Na amsa ban dube shi ba, na ce wa raina ai gaskiya na kawo, me zai dame ni.

Lokotoro ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya matsa da yatsa ta lotsa, ya kai hanci ya sansana. Fuskarsa ta canja. Aka kira Isufu, suka yi ta Faransanci, Isufu yana rantsuwa da Hausa. Ya ruga ya kawo kwali daga kanta, aka ɓalle: farare tas, masu tauri. Lokotoro ya jera su kusa da nawa ya ce waɗannan na tsumma lalatattu ne, babu komai a cikinsu, duk wanda ya ba mara lafiya irinsu ya yi kusa da kisan kai. Ya juyo gare ni ya tambaya ko daga hannun Isufu na karɓe su. Na ce daga hannunsa. (Ba ƙarya na yi ba. Hanyar da suka biyo daga hannunsa zuwa tebur ce kawai na tsallake.)

Daga nan abin ya fi ƙarfin yadda na tsara. Lokotoro ya ce to akwai kaya iri biyu ke nan, mai kyau a kanta don masu dubawa, ruɓaɓɓe a ɓoye don waɗanda ba su iya karatu ba. Ya ce Isufu ya ajiye makullan farmasi, ya kuma ambaci jandarma. Isufu ya zaro makullan ya ɗora a tebur. Bai yi min rashin kunya ba, bai ɗaga murya ba. Dubana kawai ya yi.

"Iya, mutum goma sha ɗaya ne a gidana. Duk 'yan Durum sun taho."

Ina ganin hannun surukina yana tafiya a kan takarda. Laifin da lokotoro ke ɗora wa yaron ba shi ne wanda na kawo ba. Shi yana cewa an ba ni ruɓaɓɓu, ni kuwa na san farare tas aka ba ni, irin na kanta sak. Magana ɗaya ce za ta warware wannan. Amma maganar akwai bayan gida a cikinta, ga suruki a bayan ƙofa, ga mata goma sun miƙo wuya. Na gyara mayafi. Na dubi makullan na kau da kai.

Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya fara buɗe min baki. Ba shi ba ne, haƙorin Alhaji Mamman ne. Mu masu hatsi kowa da gwajinsa, ni ruwa, shi haƙori. Duk tsawon maganar yana zaune yana jan carbi, sai ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya hure ta kamar yadda ake hure ƙwayar gero, ya ce a bari ya ji ko alli ne ko gari. Ya buɗe baki. Ni da tun rasuwar maigidana ko gefen rigar namiji ban taɓa ba, ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba.

"Alhaji, kar ka sa a baki."

Kowa ya dube ni. Lokotoro ya ce saboda me? Ko a nan da sauran hanyar gudu, ina iya cewa guba nake tsoro. Har maganar ta zo kan harshena. Sai na sake ganin makullan nan a tebur, da Isufu a tsaye hannu a baya kamar wanda aka riga aka ɗaure. Na saki hannun Alhaji na dubi bango.

"Ba haka ya ba ni su ba. Farare ya ba ni. Sha na yi, suka fito."

Alhaji kunnensa da ɗan nauyi. Ya karkato ya ce suka me? Na maimaita da ƙarfi. Ya ce suka fito ta ina? Sai Fanna ta amsa daga bakin ƙofa, da muryar nan tata da ake ji har ƙetaren titi.

"Ta inda tuwo ke fita mana, Alhaji. Hanya nawa gare ta?"

Alhaji ya buɗe yatsunsa a hankali, ƙwayar ta faɗo ta gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya bi ta. Lokotoro ya dubi yatsunsa, ya tuna da hancinsa, ya ce a kawo sabulu. Famfon likita ba ruwa ranar, bido ɗaya ne, jarkar ruwa, aka tanadar wa baƙo, shi da Alhaji suka kusa ƙarar da shi. Alhaji har gwiwar hannu ya wanke, ya kurkure baki sau uku alhali abin bai taɓa leɓensa ba. Matan benci sun cusa mayafi a baki, kafaɗunsu na rawa. Surukina kuwa ya duƙufa a kan takarda kamar zai shige cikinta, kunnuwansa kaɗai nake hange. Na roƙi Allah ya tsaga simintin nan in shige, bai tsage ba.

Da lokotoro ya goge hannu sai dariya ta kama shi, har ya cire tabarau. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni kamar ɗa da uwa. Ya tambaye ni in na jiƙa tsamiya don kunu, me ke shiga ruwa, me ke saura? Na ce tsamin ke fita, ɓawo da 'ya'ya su saura a zubar. Ya ce to haka wannan maganin yake. An yi masa gida ne mai yauƙi, yana tafiya a ciki yana tsatso da ƙarfinsa kaɗan-kaɗan, in ya ƙare sai gidan ya fita fanko. Abin da na tara kwana goma ɓawo ne. Tsohon kuwa gaba ɗaya yake zubar da ƙarfinsa, shi ya sa yake narkewa a kofi, shi ya sa kuma yake hautsina cikin da ba kowa a ciki. Ya ce ba wai ɗaya ya fi ɗaya kashe sukari ba ne. Wanda cikinsa ya karɓi tsohon, yana kuma samun abin ci safe da yamma, ya zauna a kansa, ya fi sauƙin samu. Wanda yake wahalarwa, ko mai tukunya ɗaya a yini irina, sabon ya fi masa. Ya ce in da daka shi na yi a turmi don ya narke, da na ɓata aikin, ƙarfin yini guda ya zubo min lokaci ɗaya. (Na riga na wanke ƙaramin turmi don haka.)

Ya sa aka huda min yatsa, ya duba abin awon, ya duba karnena, ɗan littafin da ake rubuta awon kowane wata. Ya ce tun da na fara zuwa sukarina bai taɓa kwantawa kamar yau ba, kuma dalili shi ne kwana goma ban yi fashi ba. Wato duk ƙoƙarina na kama ɓarawo, lafiyata na gyara ban sani ba.

Sai ya juya ga Isufu ya ce me ya sa bai gaya wa mutane za su ga ɓawon ba. Isufu ya sosa ƙeyar nan tasa ya ce ya fara, kunya ce ta hana shi ƙarasawa, ni sa'ar uwarsa ce. Lokotoro ya ce kunyar nan ta kusa kai shi gidan jandarma. Ya leƙa waje ya tambayi matan ko akwai wadda ta taɓa gani. Can sai Fanna ta ɗaga hannu, wasu huɗu suka biyo ta. Biyu daga ciki ashe tuni sun daina sha a ɓoye, sun ɗauka cikinsu ne ya daina narkar da abu. Fanna ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni ma na gani, ƙawas. Sai dai ni ban wanke na shanya ba."

Lokotoro da hannunsa ya ɗauki makullan ya mayar wa Isufu. Zancen buhu kuwa Alhaji ne ya ƙarasa ni. Ya ce a wurinsa aka saya, motonsa, wato babur ɗinsa, yaron ya sayar don ya ciyar da danginsa. Wata guda ina ganin Isufu yana zuwa aiki a ƙasa, ƙafa duk ƙura, ni mai ido, ban taɓa tambayar kaina ina moton ba. Buhu na gani.

Na tattara tsummana na fito cike da kunya. Amma in gaya muku gaskiya, ƙarƙashin kunyar nan wani sanyi nake ji. Yaron mutane zai kwana a gidansa. Maganin da nake haɗiya na gaske ne. Matan nan biyu sun karɓi nasu sun koma sha. A bakin ƙofar likita na tarar da surukina ya riga ni fitowa. Ba hanyar kaucewa. Ya durƙusa kamar kullum, idonsa a kan takalmana.

"Iya, tawadar alƙalamina ta ƙare tun kafin ki shigo. Ban rubuta komai ba."

Da idona na ga hannunsa yana tafiya. Na ce Allah ya yi masa albarka, na wuce. Daga shi har ni ba wanda ya sake tayar da zancen har yau. Da magariba na mayar wa jikata fo ɗinta, na ce gwiwa ta warke. Na ci tuwo, na haɗiye ƙwayata da bisimilla.

Washegari da sassafe na buɗe ɗan abin da na ɓoye don gida, hatsin da ni da kaina na tankaɗe na rairaye, na auna tiya biyu a cike har tana zuba. Na ƙulle a zane na ɗora a ka, na taka har Kara-Kara ban hau kabu-kabu ba. Na tarar da tsakar gidan cike da mutanen Durum, uwar Isufu tana tace anza a gefe. Na sauke kayana a gabansa, na ce a gaban kowa na ɓata masa suna, a gaban nasa na zo neman gafara. Ya rusuna, amma na lura hannuwansa biyu suna baya, yana kallon ƙullin.

"Na yafe har ga Allah, Iya. Amma kafin in taɓa, wannan ta wace hanya ya biyo?"

Uwarsa ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa masa. Na ce ta bar shi, bashin jiya yake ramawa, kuma daga yau in yaro ya sosa ƙeya ya ce min "in kika ga," zama zan yi har ya ƙarasa. Na kwance zanen da kaina, na ce a kawo ƙwarya da ruwa a gwada a gabana.